Fatalwar da Na Ƙaga wa Mahaifiyarka

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Takarda daga hannun Sambo marubuci, wanda mutanen Maska ke kira Malam Mai Fatalwa, zuwa ga ɗansa Magaji. Gaisuwa mai yawa da sa albarka. Allah ya tsare ka zaune, ya tsare ka tafe, ya sa ka kwana lafiya ka tashi lafiya duk inda ƙafarka ta kai ka.

Bayan haka, na san za ka yi mamaki. Gida ɗaya muke, danga ɗaya ta raba ɗakina da naka, amma ga ni ina aiko maka da takarda kamar wanda ke Gwanja. To ka san halin garinmu. Kai ne ɗan fari, uba kuwa ba ya sakin baki da ɗan fari. Tun kana goye, in an ratsa zaure da kai sai in kawar da fuska, don kada a ce Sambo ba shi da kunya. Na riƙe kunyar nan da kyau har ana yabona, ga shi yau ina da magana cike da ciki ban san ta inda ake fara yi maka ita ba. Alƙalami dai shi ne bakina tun ina saurayi, bari in yi da shi.

Gobe da hantsi za ka bi ayarin masu kai tufafi Zazzau, ka zauna wurin malamai kana juya littattafai da rubutun hannunka. Goggonka Laraba ta gaya mini abin da ka ce mata, wai ba za ka ƙara taka ƙasar Maska ba muddin ana kiran mahaifiyarka fatalwa. Na kuma lura, tun ranar da gidan su Rabi suka mayar da kayan neman aurenka ba ka ƙara durƙusawa a ƙofar zaure ka gaishe ni ba, ta bayan gida kake fita. Ban ga laifinka ba. Ni na jawo wannan da hannuna. Kuma tsoro nake ji, tsoro na gaske ba irin wanda nake ba mutane a takarda ba, kada ka tafi da ɗacin nan in mutu ban sake ganinka ba. Ranar wanka ba a ɓoye cibi. Zan gaya maka yadda aka yi tun daga tushe, ka tsinci abin da zai amfane ka, sauran ka bar mini kayana.

Ina kamar shekarunka nake zaune a Gozaki, a zauren Malam Jibo, wanda ya koya mini karatu da riƙon alƙalami. Hannuna yana da kyau, wannan ko maƙiyi ya shaida, don haka ni Malam ke ba aikin juya littattafan da ake kawo masa. Takarda kuwa sai ta ƙetare hamada ta sauka Kano kafin ta iso mana, saboda haka ko gefen da aka datse ba a yarwa. 'Yan gefunan nan nake tarawa. Kakata ta wajen uwa ta cika mini kunne da labarun matattu tun ina ƙarami, ni kuma mutum ne da in abu ya shiga kaina sai ya yi 'ya'ya. Rannan na zauna na rubuta labarin wani masaƙi da ya mutu ya bar saƙa bai ƙarasa ba, ya riƙa dawowa yana ƙarasa ta. Babu masaƙin nan a duniya, a kaina na haife shi.

Na kai labarin karofi bayan azahar, lokacin da marina ke hutawa a inuwa da hannuwansu shuɗi har gwiwar hannu. Na fara karantawa. Ban taɓa jin shiru irin wannan ba, har masu bugun tufafi suka dakata. Da na kai ƙarshe, wani ƙato da ake tsoronsa a filin kokawa ya matso yana haɗiye yawu ya ce, "Malam ƙarami, don Allah a wane gari aka yi wanga abu?"

Nan hanya ta rabu biyu, Magaji. Da na yi dariya na ce ni na ƙaga, da an yi dariya an watse, da yau shirin aure kake ba shirin tafiya ba. Amma daɗin "Malam ƙarami" ya hau mini kai. Sai na ɗaga takardar sama na ce, "Ga shi kuwa a rubuce." Ba wanda ya sake tambaya.

Ka san mutanenmu. In sun ga guntun takarda a ƙasa sai su ɗauka su kai goshi, su cusa a jinka don kada a taka, saboda haruffan Littafi ne a kanta. Ba su san abin da aka rubuta ba, amma sun tabbata rubutu ba ya ƙarya. Na san haka sarai, kuma da shi na ci abinci. Kai ma da alƙalami za ka ci naka. Kada ka ari kwarjinin haruffan nan ka jingina wa maganarka. In naka ne ka ce naka ne, in ji ka yi ka ce ji ka yi. In ba ka sani ba, "Allah ne masani" ba ta taɓa rage wa malami daraja ba.

Kafin la'asar zancen ya kai kunnen Malam Jibo. Na ɗauka bulala zai ɗauko. Yana fiƙe alƙalami, ko kallona bai yi ba, ya ce, "Sambo, tsohuwa ta fi ka hankali. In za ta yi tatsuniya sai ta ce ga ta nan ga ta nanku, kowa ya san an shiga wasa. In ta gama ta ce ƙurunƙus, yara su karkaɗe jiki su tashi. Kai ko ka buɗe ƙofa ka bar ta buɗe, ka yi tafiyarka." Na ce to, na gode. A zuciyata kuwa cewa na yi tsoho ya ga an fara sanina ne. Ni mai rubutu da tawada a ce in yi koyi da tsofaffin mata? A Zazzau za ka sami malamin da zai gaya maka abin da ba ka so. Kafin ka ce hassada ce, ka kwana da maganar tukuna.

Na komo Maska na auri mahaifiyarka. Kai a uwa ka san ta, bari in nuna maka ita yadda ni na san ta. Bahaguwa ce tun haihuwa. An doki hannun, an shafa masa barkono, har ta koyi cin tuwo da dama, amma mazari ya ƙi sauka daga hagu. Da hagun nan take kaɗi, kuma masaƙan Maska ko ido rufe suna gane zarenta, siriri ne ba ƙulli. Dariya gare ta mai ƙarfi, tsoro kuwa ba a raba da ita ba. Ita ke fara jin kowane labari, da rana tsaka, tana gurzar auduga ina karantawa. Wani lokaci sai ta tsayar da ƙarfen gurza ta ce, "Malam, wanga mamaci naka ba shi da aikin yi ne? Mutum ya bar kwanciyarshi don ya tsorata mai tallan fura kawai? Me ya manta a duniya?" Haushi ya kama ni, in tafi in gyara ina gunaguni, labarin kuma ya fi da kyau. Daga bakinta na koyi cewa tsoro ba ya daɗewa a zuciya sai an haɗa shi da tausayi. Duk labarin da aka yabe ni a kansa akwai hannunta ciki. Ban taɓa faɗa wa kowa ba, ita ma ban ce mata na gode ba. In Allah ya ba ka mace mai gyara maka magana, ka gode mata tana ji.

Tana da cikinka na rubuta labarin kukar bakin rafi. Wannan karon na ƙara wa wautata gishiri. Ban ce wani gari mai nisa ba, na ɗauki kukarmu, wadda kowa ke bi ta gindinta zuwa ɗebo ruwa, na zaunar da wata matacciya a wurin tana roƙon masu wucewa su sam mata ruwa. Kafin kasuwa ta sake ci, mata sun daina bin hanyar. Rani ne, ga rana, suka koma zagayawa ta bayan dutse da tulu a ka. Ni ina zaure ina jin daɗi labarina ya ci.

Mahaifiyarka ta shigo ta sauke tulu ta ce, "Malam, ka je ka faɗa masu ƙarya ce. Tsofaffi na shan wuya."

Na ce, "Labari in an tone shi ya mutu."

Ta dube ni ta ce, "To ni zan nuna masu."

Ta riƙa bin gindin kukar ita kaɗai da tsohon ciki, har tana zama a inuwarta ta huta, tana kiran mata su zo su ga ba komai. Wasu suka biyo ta, a hankali hanya ta sake buɗewa. Wasu kuwa suka koma gefe suna cewa ga hagu ga rashin tsoro, da walakin goro a miya. Na ji ƙishin-ƙishin ɗin na yi banza da shi. Abin da ka ɓata da bakinka, ka gyara da bakinka. Kada ka bar mai ƙaunarka ya tare maka, don shi jifar za ta samu.

Daga nan suna ya tafi. Fatake kan sauka su roƙi a juya masu labari, su tafi da shi a gafaka, a karanta a zango, a karanta a Katsina, a karanta a Kano. Manyan gari na aikowa a kira ni zaurensu. Wata damina, dawa ta kai gwiwa, ana cikin maimai, wani falke ya nuna mini labarin masaƙina an juya shi a Kano da sunan wani. Idona ya rufe. Na jefar da fartanya na shiga ɗaura kaya. Mahaifiyarka ta ce, "Malam, gonar fa?" Na ce mata suna ya fi dawa.

Na sami mutumin a bakin kasuwar Kano, wani tsoho ne mai ido ɗaya yana sayar da tawada. Na zazzage masa duk abin da ke cikina. Ya saurare ni tsaf, sannan ya ce, "Ɗan'uwa, labari ba jaki ba ne da za a yi masa lalas a ce na wane ne. Ni ma a bakin wani na ji shi." Ya miƙo mini ruwa na sha. Na komo da kunya da faso a ƙafa, na tarar ita da Goggonka sun yi noman cikin ruwan sama, kai kuma kana kwance da masassara. Tarin da ya kama ta a daminar nan bai sake ta ba, yana tafiya yana dawowa shekara da shekaru, har shi ya zama ajalinta. Allah ne mai rayawa mai kashewa, na sani, amma ni dai ban yafe wa kaina wannan tafiya ba. A birni za ka ga masu bin suna kamar kare da ƙashi. Kada ka bar abin da ke hannunka yana buƙatarka don ka je neman a san ka.

Akwai ranar da take kaɗi ina fiƙe alƙalami, tari ya sarƙe ta. Da ya lafa sai ta yi dariyar nan tata ta ce, "In na riga ka, Malam, kada ka kuskura ka sa ni cikin takardun nan naka. Ni in na kwanta na kwanta." Na ce wa zai iya da fatalwa mai surutu irin naki. Muka yi dariya. Alkawari na ɗauka a ranar, ko da yake da wasa aka yi shi.

Ta rasu a kakar bara, auduga ta yi fari a gona ba mai tsinka. Ka tuna zaman makoki, ni a wannan gefen zaure kai a wancan, mutane na shigowa suna cewa ya haƙuri, muna cewa da godiya. Na ga idonka ya yi ja. Na so in kira ka in dafa kafaɗarka, kunyar ɗan fari ta riƙe mini hannu. Da mutane suka watse gidan ya yi mini faɗi. Ga taskirarta da mazari a ciki, ga guntun allin da take shafawa a yatsa. Da na taka na zo ɗakinka mun yi kukanmu tare, da ba a kai ga haka ba. Sai na yi abin da na saba, na ɗauki alƙalami.

Na rubuta wata mace da ta mutu ta bar zaren rigar angoncin ɗanta ba ta gama ba, ta riƙa dawowa da rana tsaka in gida ya yi shiru, tana kaɗi, ba ta taɓa kowa, ba ta tsorata kowa. Na sake mata suna, na kai ta wani gari can gabas. Amma da na zo inda ta ɗauki mazari, hannuna ya rubuta hagu. Na ga kalmar, na san ya kamata in kankare, na kasa, don in na mayar da ita dama ba ita ba ce kuma. Muddin ina rubutun nan, tana tsakar gida tana aikinta. Wallahi ba don kowa na yi shi ba, kewarta ce ta ishe ni.

To me ya kai shi karofi? Halin nan da na ba ka labari tun farko. Aka yi ta cewa Malam ya tsufa, rijiya ta ƙafe, tun da matar ta mutu babu sabon labari. Ni kuma na san ban taɓa rubuta abin da ya kai wannan ba. Yabo ya kira ni na amsa. Ina cikin karatu na ga dattawa na share hawaye, na ji daɗi, Allah ya yafe mini. Da na kai ga hagun, wani daga baya ya ce a hankali, "Bahaguwa? Ai ko mun san ta."

Magana zarar bunu. Kafin ta shiga cikin gidaje an ƙara wa matar tsawo, an sa mata wuta a hammata, an ce an gan ta a gindin kuka. Tsohuwar maganar nan ta farka. Ka san abin da jahilai suka riƙe, wai ƙasa ba ta mayar da mutumin kirki sai maye, maita kuma a nono ake sha. Ga mijinta ma ya shaida, ga shi a rubuce. Sai mahaifin Rabi ya aika wa Goggonka da kayan da muka kai. Ta shigo zaure ta zube su gabana ta ce, "Sambo, ka ci amanar wadda ta tafi, ka ci ta wanda ke nan. Kai dai alƙalaminka ya fi maciji dafi." Yayata ce, ta isa ta faɗa. 

Ga abin da nake so ka riƙe daga wannan, ko da ka watsar da sauran. Abin da ke cikin gidanka ba kayan talla ba ne, komai kyansa. In baƙin ciki ya same ka, ka kai shi wurin Allah, sannan ka kai shi wurin mutumin da kuke ɗauke da shi tare. Ni na tsallake ka na kai nawa kasuwa.

Jumma'ar da ta wuce kana ƙauye wurin kawunka kana sallama, watakila an gaya maka abin da ya faru a karkace. Bayan salla na nemi izinin liman, na tsaya a ƙofar masallaci na faɗa wa jama'a cewa duk ni na ƙaga, tun daga masaƙi har kuka har bahaguwa, ban taɓa ganin fatalwa ba ko sau ɗaya. Na ce matata mai salla ce mai azumi, ta cika da kalmar shahada a bakinta ina riƙe da kanta. Wasu suka yi dariya. Wani ya ce, "Malam na rufa wa gidanshi asiri ne." Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Na yi shekara da shekaru ina koya masu takarda ta fi baki gaskiya, yau bakina ya rasa mai saye. Dole na zauna a wurin na rubuta maganar a takarda, liman ya karanta da kansa, ya ƙara da cewa wanda ya mutu ba ya dawowa, mai yi wa mamaci ƙazafi kuma za su tsaya tare gobe kiyama. Mahaifin Rabi ya sunkuyar da kai ya ce, "Mun ji, Malam." Iyakar abin da ya ce ke nan. Ba zan yi maka alkawarin abin da ba ya hannuna ba. Goggonka dai ta ce yarinyar ta ƙi fitowa zance da kowa. Na faɗa maka yadda na ji, kuma ban ƙara komai ba, abin da ban saba yi ba.

Takardar labarin ba a ƙona ta, haruffa ne a kanta. Na wanke ta a ƙwarya har tawadar ta fita, na zuba ruwan a gindin zogalen da ta shuka. Sauran labarun na bi su ɗaya bayan ɗaya na rubuta ga ta nan ga ta nanku a sama, ƙurunƙus a ƙasa. Malam Jibo ya kayar da ni yana kabari. Sai dai wani falke ya riga ya juya labarin bahaguwa ya tafi da shi, ban san ina ya nufa ba. Kana iya zama a wani zaure a Zazzau ka ji baƙo na karanta shi. Kada ka tashi faɗa. Bar shi ya gama, sannan ka ce, "Ubana ne ya ƙaga wannan, shi da kansa ya faɗa a ƙofar masallaci." In sun tambayi matar, ka ba su labarin yadda ta buɗe wa tsofaffi hanyar ruwa da tsohon ciki. Wannan ya faru, kuma ya fi duk abin da na rubuta.

Goggonka ta ce in ka zauna wurin masaƙa kana ba su labari har saƙa takan tsaya, wai ka fi ni baki. Ban yi mamaki ba, kuma ba zan ce ka kashe abin ba. Wata tsohuwa ta taɓa zuwa daga Matazu ta durƙusa a zauren nan ta ce labarin masaƙi ne ya sa ta yi kukan mijinta da ta kasa yi tun rasuwarsa. Mutane na da buƙatar inda za su yi zancen waɗanda suka tafi. In hannunka ya yi ƙaiƙayi ka rubuta. Ka dai buɗe ƙofa a gaban kowa, ka rufe ta in ka gama, kuma kada ka taɓa mamacin da ke da mai kuka.

Sauran kuwa ƙananan abubuwa ne da mahaifiyarka za ta gaya maka da tana nan. Ka bi maganar madugu ko da ka ga ka fi shi karatu, shi ya san inda ruwa yake. Kada ka sa sabon takalmi ranar farko. In ka sauka gidan mutane, ka gai da tsofaffin gidan kafin ka nemi wurin kwana. Tawadar birni tana da kyau a ido amma takan dushe, ka haɗa taka da ƙaro yadda ka ga ina yi. Ka riƙa cin abinci, na san halinka in ranka ya ɓaci.

Akwai abu guda da ban faɗa a ƙofar masallaci ba, don naka ne ba na jama'a ba. Bayan rasuwarta na jira ta. Ni da na san ƙarya ce, ni da na ƙaga su duka, na riƙa komowa daga gona da rana tsaka in tsaya a bakin danga in kasa kunne, ko zan ji ƙarar mazari. Ba ta zo ba, Magaji. Ko inuwa, ko motsi, ko a mafarki. Mace ce mai cika magana, ta ce in ta kwanta ta kwanta. Duk wanda ya ce maka ya gan ta ƙarya yake, don da za ta komo wurin wani, da wurinmu za ta zo, kuma ba wanda ya kai ni jira. Mahaifiyarka tana kwance lafiya. Ni ne ban samu kwanciya ba.

Na ce wa Goggonka ta ba ka takardar nan yau, kada ta bari sai ka yi nisa. Hanyar Zazzau ta gefen maƙabarta ta bi. Ka roƙi madugu ya yi maka jinkiri kaɗan, ka tsaya ka yi mata addu'a, kada fushin da kake yi da ni ya sa ka wuce ta. Ni zan tsaya can nesa gindin tsamiya, ba zan matso ba, ba sai ka gaishe ni ba. Ban ce ka yafe mini gobe ba, abin ya yi nauyi. Ina dai roƙonka ka bar wa Maska ƙofa a zuciyarka, ko da ƙarama ce. Ina ƙaunarka tun ranar da aka ratsa zaure da kai na kawar da fuska, kuma duk kawar da fuskar da na yi, ina kallonka ta gefen ido.

Allah ya kai ka lafiya. Allah ya raba ka da mahara da macizai da mugun aboki, ya haɗa ka da malami mai gaskiya da maƙwabci mai tausayi. Allah ya sa albarka a hannunka da alƙalaminka, ya tsare ka daga halin ubanka, ya ba ka zuciyar mahaifiyarka. Allah ya jiƙan ta, ya yalwata mata makwanci. In da rabon mu sake ganawa, Allah ya komo mini da kai ina da sauran ido.

Gobe zan tsaya har jakin ƙarshe ya shige bayan dutse. Ko ka waiwayo ko ba ka waiwayo ba, ina nan.

Aminci ya tabbata gare ka. Daga mahaifinka, Sambo.